Nama ya fi ƙarfinmu: yaya zan ciyar da gida ba tare da yara sun rame ba?

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam, nan cikin Zinder, ta aiko da tambaya kamar haka: "Maigidana malamin makaranta ne na kwantiragi, mu bakwai ne a gida har da Inna, mahaifiyarsa. Nama yanzu sai ranar Juma'a, wani satin ma babu. Inna ta ce yara za su lalace in ba sa cin nama. Gaskiya ne? Kuma yaya zan yi kuɗin cefane su kai mu ƙarshen wata?"

Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar da na Inna. Rashin nama shi kaɗai ba ya lalata yaro. Abin da ke lalata shi shi ne kullum tuwo da tsinkakkiyar miya, ko farar shinkafa da mai da yaji, babu wake, babu gyaɗa, babu ganye, babu nono. Na daɗe ina aikin abincin yara tare da iyaye mata masu zuwa awo, kuma na sha ganin gidan da ake sayen tsire da dare amma ƙaramin cikinsu tamowa ta kama shi, don tsiren a kwanon manya yake ƙarewa. In kin samu Inna cikin raha, tambaye ta sau nawa nama ke shiga tukunyar gidansu lokacin tana yarinya. Za ta ce miki sai ranar kasuwa, ko suna, ko Salla. Da gero da wake da nono aka raine ta, ga ta kuma har ta ga jikoki.

Bari in ba ki lissafin, don ki samu abin faɗa in maganar ta sake tashi. Abin da ake nema a nama shi ne sinadarin gina jiki, furotin. Ɗanyar tsokar nama, wadda ba ƙashi ba kitse, tana da wajen giram 20 na furotin a cikin kowane giram 100. Busasshen wake yana da wajen 23 zuwa 25. Gyaɗa wajen 25, ƙuli-ƙuli kuwa ya zarce haka sosai tunda an matse man ya bar tsabar abin. Waken suya ya haura 35. Tiya guda ta wake ta kai kusan kilo biyu da rabi, wato furotin ɗin da ke cikinta ya yi daidai da na tsoka zalla kusan kilo 3. Ki shiga Kasuwar Dole ki tambayi kuɗin tiyar wake, ki zagaya wajen mahauta ki tambayi kilo 3 na tsoka, sauran bayanin ke za ki yi wa kanki.

Gaskiya ne furotin ɗin wake shi kaɗai bai cika kamar na nama ba, na gero ma haka. Sai dai abin da gero ya gaza a kai wake na da shi da yawa, abin da wake ya gaza a kai kuma gero da dawa da shinkafa na da shi. Shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, tuwo da miyar wake suke cikakken abinci, ba abincin maneji ba kamar yadda wasu ke raina su. Ba dole ba ne ma su haɗu a kwano ɗaya, in dai sun shiga ciki a yini guda ya wadatar.

Abu biyu ne nama ya fi su a kai, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Na farko bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata. Ba a samunsa a hatsi ko ganye, sai a abin da ya fito daga dabba: nono, ƙwai, kifi, nama. A ƙasar Indiya miliyoyin mutane ba sa cin nama tun haihuwa, amma madara ba ta yanke musu. Don haka ɗan kuɗin da kike ware wa naman Juma'a, wanda in an raba wa mutum bakwai kowa yanka ɗaya zai samu, ni da zan ba ki shawara sai ki karkatar da mafi yawansa ga nono da ƙwai, a rarraba cikin sati, ƙananan yara su fara samu. Fura da nono na gaske, ba wanda aka cika da ruwa da garin kuka ba, abinci ne babba. In damina ta yi ƙwan zabi ya yi araha, kada ki wuce shi. Fara ma, in lokacinta ya zo ana soya ta a bakin titi, furotin ce mai kyau, kuma 'yan Damagaram ba sai an koya mana cinta ba.

Na biyu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Akwai shi a wake da gero da zogale da yakuwa, amma jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama sai an taimaka masa da bitamin C: matsin lemun tsami a kan wake, ɗanyen tumatir a cikin kwaɗo, gwaiba ko mangwaro in lokacinsu ne. Shayi kuwa yana hana jiki ɗaukarsa. Wannan al'ada tamu ta ɗora buta da zarar an ɗauke kwano, a jinkirta ta da awa ɗaya ko biyu, musamman ga mata da yara. In kina da ciki, ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo ki sha su yadda aka ce, ko da kina cin nama kullum.

To, yanzu mu shiga madafa, don na san inda gizo ke saƙa. Maigida ba zai tambaye ki giram nawa ke cikin miya ba, ɗanɗano zai nema. Miyar da ba nama tana faɗuwa ne idan an zuba komai a ruwa lokaci guda an bar wa magi aikin. Ki fara da albasa. Ki yanka ta ƙanana, ki sa a ɗan mai, wuta kaɗan-kaɗan, ki bar ta ta wuce fari ta koma ja-ja har gefenta ya soma duhu, ƙamshin ya kai ƙofar gida. A wannan lokacin ne za ki zuba daddawar da kika daka tare da barkono da citta da tafarnuwa, ki juya ta cikin man har warinta ya kwanta ya koma ƙamshi. Daddawar kalwa ko ta batso, duk wadda hannunki ya kai gare ta. Ta batso ta fi sauƙin kuɗi a nan wajenmu, ga ta da ƙarfi, kaɗan ta isa. Ki ƙara gabu, ki ƙara jan tattasan Diffa da aka daka, wanda ke ba miya launi ko babu tumatirin gwangwani. Sannan ruwa. Sirrin da ya rage shi ne wake: ki surfa gwangwani ɗaya, ki wanke dusar, ki ɗan ɓarza shi a turmi, ki zuba a ruwan miyar ya dahu har ya narke, kafin ki kaɗa kuka ko busasshiyar kuɓewa. Miyar za ta yi jiki, ta kama tuwo, kuma kowane ludayi da aka zuba wa yaro da wake a cikinsa. Wannan ya fi yankan nama ɗaya da ke yawo a tukunya ana fakon wanda zai faɗa wa. Haka za ki yi da tunkuza ko dakakkiyar gyaɗa a miyar yakuwa da ta taushe. Kabewa araha ce, tana daɗewa ba ta lalace ba in ba a fasa ta ba, kuma jan cikin nan nata bitamin A ne, mai kare idon yara.

Wake kullum a siffa ɗaya yana gundura, don haka sai ki riƙa sauya masa kama. Ɗanwake yau, gobe alala a gwangwanaye, jibi shinkafa da wake, amma ki juya ma'aunin: wake ya yi yawa, shinkafa ta bi baya, don shinkafar ce ake shigo da ita daga waje, ita ce mai cin kuɗi. Dambu na cikin abincin da na fi yaba wa mai ƙaramin ƙarfi, saboda tsaki kaɗan yake ci, zogale ya cika madambaci, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Kwaɗon zogale ko na rama ko na tafasa da garin rogo kaɗan yana tsayar da yunwar rana. Fate da ganye da gyaɗa tukunya ɗaya ne, wanke-wanke kaɗan, abin da ba a rainawa a garin da in bazara ta yi famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai an bi 'yan ga-ruwa.

Awara kuma, in kina da lokaci, ki yi taki a gida. A jiƙa waken suya ya kwana, a kai niƙa, a tace da ƙyalle, a tafasa ruwan sosai, a zuba ruwan tsami ko na tsamiya kaɗan-kaɗan har ya tsinke ya taso dunƙule-dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse. Ba sai kin soya ta cikin mai mai yawa ba. Ki yanka ƙanana, ki ɗan gasa a kasko, ki jefa cikin miyar tumatir ta sha romo. Yara na ɗaukarta a matsayin nama, kuma ba su yi asara ba. Dusar da ta rage a zuba a ƙullun ƙosai, ko a ba kaji.

In wake na kumbura muku ciki, ki jiƙa shi tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon, ki surfe wa yara nasu, kuma a ƙara yawansa sannu a hankali. Ciki na sabawa.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ta fi ta nama girma. Abin da ke cinye albashin gida irin naku shi ne sayen ƙulli-ƙulli: man dala ashirin, magin dala goma, gwangwanin shinkafa wajen mai tebur, kullum, wani lokaci bashi. Kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a cikinsa, kuma ba ya nuna kansa sai wata ya raba. Ki ɗauki littafin makaranta guda, ki rubuta duk dalar da ta fita ta abinci da itace da ruwa har sati biyu, kada ki gyara komai, rubutu kawai. Sannan ki nuna wa maigida, a lokacin da ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da ya shigo da rana a ka ba. Abin da za ki roƙa ba ƙari ba ne, sauyin tsari ne: ranar da albashi ya shigo a sayi abin da ba ya lalacewa gaba ɗaya, gero, wake, mai, gishiri mai aidin, daddawa, busasshen barkono, kuka, sai a bar ɗan abin da za a riƙa sayen ɗanyen kaya da nono da shi. Albashin 'yan kwantiragi kan yi jinkiri, kin fi ni sani, kuma gidan da ke da buhu a ɗaki jinkirin ba ya kai shi wajen mai bashi da wuri.

Wanda ya fi wannan shi ne sayen kaka. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi kowa noman wake a duniya, kuma yankinmu na Zinder na cikin masu noma shi, amma 'yan kasuwa sun saba kwasarsa zuwa Najeriya da an girbe. A watannin Oktoba da Nuwamba yana araha a kasuwannin ƙauye, wajen Mirya, Matamaye, Magarya. In aka kai Yuni zuwa Agusta kuwa sai ki riƙe baki. Gero ma haka. Kin ga abin da ya faru da aka rufe iyakoki a 2023, yadda kuɗin shinkafa da kayan gwangwani ya tashi. Gidan da ya dogara da abin da ƙasarmu ke nomawa bai ji jiki kamar wanda ya saba da taliya da shinkafar waje ba. In kina adashi, ki nemi a ba ki kwasarki ta faɗo a kaka, ki juya ta wake da gero da gyaɗa. In kuna da dangi a ƙauye, a aika musu kuɗin su auna muku.

Matsalar wake ƙwari ne, kuma maganinsu hana su iska. Akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka gwada shi tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta nan ƙasar. A shanya waken ya bushe ƙarau, a zuba, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki iska na ƙare musu su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. In wakenki bai kai buhu ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin: ki cika ta har wuya, ki girgiza ki ƙara, ki sa leda a baki ki murɗa murfin. Gara jarkoki ƙanana da yawa da babba guda, don duk buɗewa iska ce ta shiga. Abin da nake roƙonki kada ki yi shi ne jefa ƙwayar maganin ƙwari cikin buhu a ɗakin da ake kwana. Hayaƙin da take fitarwa guba ne, yana kashe mutum. Gyaɗa kuwa ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane ko take ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli-ƙuli da ita. Tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Wannan arahar ba riba a cikinta.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Lokacin sanyi, in kayan lambu suka shigo daga Mirya da Gidimuni tumatir ya cika kasuwa, ki sayi kwando ki yanka ki shanya, ki yi kauɗarki da kanki a kan tabarma mai tsabta, ba a ƙasa ba. Da damina kuma yakuwa, rama, lalo, tafasa, kusan kyauta suke. Ganye a inuwa ake shanya shi, inda iska ke ratsawa; rana na cinye korensa da amfaninsa. In akwai ɗan fili a tsakar gida, ko gidan haya ne, ki dasa zogale biyu a inda kike zubar da ruwan wankin hatsi da na alwala. Cikin 'yan watanni za ki fara tsinka.

Kada ki manta wuta ma cefane ce. Wake da aka jiƙa ya kwana yana dahuwa da sauri ƙwarai a kan wanda aka zuba a bushe. Ki rufe tukunya, ki kare murhu daga iska, in ta tafasa ki janye itace. Akwai wata dabara da mata kan yi mini dariya in na faɗa, sai sun gwada: in jiƙaƙƙen wake ya tafasa kamar minti 15, ki sauke tukunyar da murfinta, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki cusa cikin kwando ki rufe. Bayan awa biyu zuwa uku ki buɗe, ya yi laushi, ba ki ƙona ko sanda ɗaya a kai ba. In kina da tukunyar gaz ta kilo 6, ki bar ta wa abin sauri, kunun safe da ɗumame, tuwo da wake su tafi kan murhu. Kanwa tana saurin nunar da wake, shi ya sa muke son ta, amma tana lalata bitamin B1 da ke cikinsa, kuma gishiri ce a jiki. Da yake akwai dattijuwa a gidan, in tana da hawan jini, a rage kanwa da magi tare. In an jiƙa wake, ɗan abin da za a sa bai taka kara ya karya ba.

Karin safe wata ƙofa ce da kuɗi ke zurarewa. Burodi da shayi da madarar gwangwani na mutum bakwai, ki lissafa na wata ki gani, ga shi kafin ƙarfe goma yara sun fara hamma a aji. Kunun gero da gyaɗa, koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya sun fi riƙe ciki. Sai dai ɗumame a tafasa miyar sosai, tun dare a sake tafasa ta kafin a kwanta, don a zafin Afrilu da Mayu miyar wake ba ta da haƙuri. In kin ji ta sauya wari, ki zubar da ita, kada ki yi tunanin asara. Abin da ya saura mai kyau kuma aka miƙa wa almajiri, wannan ban sa shi cikin ɓarna ba.

Ba ki faɗi shekarun yaran ba, amma in akwai ɗan ƙasa da shekara 2, nasa daban ne. Wata 6 na farko nonon uwa zalla, ko ruwa ba a ba shi. Daga nan a ci gaba da shayarwa, a ƙara kunu mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya zuba kamar ruwa, don cikinsa ƙarami ne, tsinkakken koko cika shi kawai yake yi. Ki haɗa garin da kanki: gwangwani 6 na gero, 2 na waken suya ko farin wake da aka surfe, 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama a kasko ba mai, a haɗa a niƙa, a tankaɗe, a ajiye a abu mai murfi. Kusan ma'aunin Misola ke nan, garin kunun yara da ake sayarwa. A dafa shi ya dahu sosai, ba a dama da ruwan zafi kawai ba. Wata rana ki murje masa dafaffen ƙwai a ciki, wata rana kabewa, wata rana ɗan garin zogale. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai ki zauna kusa da shi, don in aka haɗa shi da yayyensa kafin ya kai loma biyu sun shanye kwanon. In kuwa kika ga ƙafafunsa sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ya daina son abinci, ko zawo ya ƙi tsayawa, wannan ya wuce maganar madafa. Ki ɗauke shi zuwa cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, a auna damtsensa.